Layin da Aka Tsallake

Da safe aka tsinci gawar mai kula da sito a ɗakin sanyi na wani kamfanin magunguna. Yatsunsa duk sun ƙuje wajen dukan ƙofa. Sufeton 'yan sanda ya duƙa ya duba gawar.

Da kati ake kulle ƙofar. Duk wanda ya taɓa ta, kwamfuta na rubuta layi guda: lokaci, lambar kati, da tarkacen rubutu barkatai. Layukan sun fi ƙarfin ido.

Injiniyan kamfanin, ƙanin matar mamacin, ya zo idanunsa jajur.

"Yallaɓai, na rubuta tsarin kwamfuta da ke tsamo lambar kati daga kowane layi. Tunda Yaya ya shiga, ba katin da ya taɓa ƙofar. Da kanta ta rufe."

Sufeto ya koma ya buɗe ƙofar, ya sake ta. Ko motsi ba ta yi ba. Sai da ya sa kafaɗa ta rufu.

A ofis ya miƙa wa Sajan, 'yar sanda mai aikin kwamfuta, layukan da tsarin injiniyan.

"Me abin nan yake cewa?"

"Cewa yake a nemo kalmar kati, a ɗauko lambobin da ke bayanta. Lambobi zalla, Yallaɓai. In kati ya fara da harafi, tsallake layin zai yi."

"Sa ya kama harafi ma."

Ta gyara. Layi ɗaya ya ƙaru, jim kaɗan bayan shigar mamacin. Manajan kamfanin ya ce katin masu gyara kaɗai ke farawa da harafi, kuma yana hannun injiniya.

Sufeto ya sa aka shigo da injiniyan, ya juya masa fuskar kwamfutar.

"Karanta."

Bai karanta ba. Ya dafe kai.

"Ni na kashe ƙararrawar da ke kaɗawa in sanyi ya ragu, ta dame ni da ƙara. Allurar yara ta lalace, na yi shiru aka kai asibitoci. Yaya ya gano, ya ce sai ya faɗa. Na kulle shi a ciki, amma wallahi tsorata shi kawai na so yi. Da na je gida, sai na kasa dawowa."

Aka sa masa ankwa, aka fito da shi. A benci a waje matar mamacin na zaune, jira take ya gama ba da shaida su tafi tare. Ta miƙe tun kafin ta lura da hannuwansa.

"Auta, an gano wanda ya yi?"

Ya wuce ta kansa a ƙasa. Ta juyo wajen Sufeto, tana jiran amsa.