Ruwan Rijiyar Inna Borbala

A ƙauyen kowa da abin da yake faɗa a kan Etelka, malamar lafiyar da gwamnati ta turo. Wasu sun ce da an hango kekenta gara a ɓoye yara bayan murhu, don ita ke tura masu tari asibitin birni, kuma ba duka ke dawowa ba. Wasu sun ce ita ta samo wa marayun maƙeri madara da takalma.

Balint bai san ta ba sai ranar da aka sako mata karnuka, ta faɗo da keke a bakin gonarsa, jikinta na ɓari.

"Ke da gari ke tsoro, ashe ke ma matsoraciya ce?"

"Rufa mini asiri, bawan Allah."

Tun daga nan ya laƙaba mata Kurciya, kekenta kuma ya koyi lalacewa daidai gonarsa.

Da ya ce zai aure ta, mahaifiyarsa, Inna Borbala, ta ce atafau. "Wadda ta ce rijiyar da marigayi mahaifinka ya haƙa da hannunsa guba ce? Ba a gidana ba!"

Etelka kuwa ta faɗa, don ambaliyar bara ta kwaso kashin shanu cikin rijiyar, taifot ya riga ya kwantar da yaran maƙwabta. Tun lokacin Balint ya koma shan ruwan famfon bakin coci a ɓoye.

Da ƙyar Inna ta yarda ya kawo ta ran Lahadi. A gidan nan duk wadda za a auro sai ta fara shan ruwan rijiyar a gaban dangi. Inna ta miƙo kofi. Etelka ta dube shi.

"Inna, a tafasa mini, wallahi zan sha."

"To, mu ƙazamai ne ke nan?"

Balint ya karɓe kofin. "Ni da ita ɗaya ne," ya ce, ya kafa kai.

"Balint, kar ka sha!"

Ya riga ya shanye.

Kafin girbi zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya rame, yana sambatu, ba ya gane kowa. Likitan gunduma ya duba shi, ya fita yana kaɗa kai. Etelka ta shigo ba tare da an kira ta ba. Ita ke tafasa ruwa, ita ke goge masa jiki, duk numfashin da ya ja sai ta tsaya cak ta ga ko wani zai biyo. Inna na rakuɓe a ƙofa, ta kasa shigowa, ta kasa tafiya. Kowa ta yi wa magana ban da Etelka.

Wata safiya Balint ya buɗe ido, ya ga Etelka na kuka. "Wa ya sa ki kuka haka? Faɗa mini in rama miki."

"Kai ne, sarkin taurin kai."

A ranar Inna ta sa aka cike rijiyar da duwatsu.

Bayan girbi aka ɗaura aure. A ƙofar coci, masu goge na kiɗa, Inna ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta kamo hannun amarya.

"Allah Ya albarkaci zamanku. Ni na kusa kashe ɗana, ke kika dawo mini da shi. 'Yata, na yi miki laifi. Ki yafe mini."