Na Gaba Zai Shiga ta Bayan Rumbu

"Ka tabbata babu bindiga a gidan?" Oga ya tambaya yana sakace haƙori.

"Ko gora babu," in ji Guntu. "Ranar kasuwa tsohon kan tafi da 'ya'yansa maza. Mata ne zalla."

Ƙarya ce tsagwaronta. Kwana uku Guntu ya yi yana leƙen gidan gonar nan da sunan mai sayen fata. Da idonsa ya ga tsohon maharbin ya jera gwangwanaye a kan katanga, babbar 'yarsa tana kakkaɓe su da bindiga ɗaya bayan ɗaya. Da kunnensa ya ji tsohon yana ce mata, "Tsakaninmu da 'yan sanda tafiyar awa biyu ce. Kafin su iso, ke ce hukuma. Ƙofar gaba tana da sakata, ki sa ido a bayan rumbu."

Abin da ya sa Guntu ya haɗiye wannan magana shi ne Ɗan Gayu. Shekara tara Guntu yana bin Oga, shi ne gaba a kowane aiki. Wata huɗu da zuwan wannan mai ƙamshin turaren, komai ya juye. Shi ke shiga gaba, shi aka ba sabuwar bindiga, da shi Oga ke raha. Hassada ta ci Guntu kamar gara. Shi ya sa da ya tsara musu hanya ya ce na gaba zai shiga ta bayan rumbu.

Rana tsaka suka ajiye mota a bakin rafi. Oga ya dafa kafaɗar Guntu.

"Kwana biyu ina ganin kana cika kana batsewa. Ɗan Gayu ya yi min magana, ya ce ban kyauta maka ba. Kai ka nemo aikin nan, yau kai ne gaba."

Ɗan Gayu ya miƙa masa sabuwar bindigar da hannu biyu. "Girmanka ne, babban yaya."

Guntu ya karɓi bindigar. In ya faɗi gaskiya yanzu, Oga zai tambaye shi dalilin ɓoyewa, kuma ya sha ganin yadda Oga ke sallamar maƙaryaci. In ya yi shiru, ga rumbu can yana jiransa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ko wannan girman ma sai da yaron ya roƙar masa.

A cikin gida kare ya soma haushi. 'Yar maharbin ta tsame hannu daga wanki, ta ɗauko bindiga.

"Inna, ku shige ɗaki da yara, ku kwanta a ƙasa."

Uwar ta hau kan turmi tana neman layin waya. Ɗan sandan da ya ɗauka ya ce su yi haƙuri, mota na wajen mai faci, amma suna nan tafe.

Guntu ya sunkuya ya bi jikin katanga. Ya rage sauri, ko Ɗan Gayu zai wuce shi. Ina, yaron yau ladabi yake ji.

"Bismillah, yaya. Ina bayanka."

Taku ɗaya — taku biyu — ya leƙa bayan rumbu.

Daram!

Ƙasa ta karɓe shi. Bindigar hannunsa ta yi nata waje. Ya ji gudu, ya ji mota ta tashi da ƙarfi, ta taho har gindin katanga duk da haɗarin harbi na biyu. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe Oga bai manta shekara tara ba.

Sai muryar Oga ta tashi.

"Ɗan Gayu! Ba ta same ka ba ko? Shigo mu tafi!"

"Oga, Guntu fa?"

"Na ce shigo!"

Sai da la'asar 'yan sanda suka iso. Ko kaza ba a ɗauka a gidan ba, harsashi ɗaya kawai aka kashe. Suka tarar da Guntu a bayan rumbu da sauran numfashi. Babbansu ya durƙusa ya tambaye shi su waye abokan aikinsa.

Bai ambaci Oga ba. Sunan Ɗan Gayu ya ba su, da unguwarsu, da launin ƙofar gidansu, sannan ya cika.