Maɓallan Ko-ta-kwana

A ofishin malamai na wata makarantar kuɗi da ke Nassarawa Raliya ta fara ganin Ja'afaru, a watan da kwaleji ta turo ta koyon aikin koyarwa. Malamin lissafi ne, dogo, mai yawan shiru. Yana zaune ƙarƙashin fanka yana duba takardun jarrabawa, kunnuwan kwalar rigarsa sai tashi suke suna sauka.

Kwana biyu ta daure. A na uku ta kasa.

"Malam, ka yi haƙuri, maɓallan kwalarka a buɗe suke."

Ya shafa wuyansa. "Waɗannan 'yan ƙananan? Ai na ɗauka ado ne."

"Ba ado ba ne. Kowane kunne yana da huda, a ciki ake sa maɓallin."

Ya gyara, ya yi godiya cikin jin kunya. Washegari ya shigo da kwala a ɗaure tsaf, ya tsaya gaban teburinta ya ce, "Malama, na ci jarrabawa?" Ta sunkuyar da kai tana dariya. Daga nan magana ta soma.

Ba laifin Raliya ba ne da take lura da wuyan mutane, gidan da ta tashi ne. Mahaifinta, Alhaji Mamuda, tsohon babban ma'aikaci ne da ya yi karatu a Amurka, ya dawo da digiri da kuma dokoki a kan riga shat mai maɓalli a kwala. Kowa a gidan ya haddace su. Kwala ba a barinta a buɗe, da naktaye ko babu. In babu naktaye, maɓallin maƙogwaro kaɗai ake saki. Ba a sa irin rigar ƙarƙashin kwat ɗin biki. Mai guga kuma ya cire maɓallan daga hudarsu kafin ya ɗora dutse, kada ya kashe kwalar da sitaci. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano abokansa suka tattara kwat ɗinsu suka koma kaftani, shi ya ce bai ga inda shari'a ta halatta wa mutum yawo da wuya a hargitse ba. Aƙidarsa ita ce wanda ya kasa kula da maɓalli biyu ba a ba shi amanar mutum.

Shekarar ce wayar hannu ta fara yawa a gari. Ja'afaru ba gwanin baki ba ne, amma a rubuce yana da ƙoƙari.

"Malamata, yau sau uku na duba madubi, ba don kyau ba, don tsoronki. Ki yi mini addu'a, son ki ya hana ni warware lissafin aji uku."

"Ɗalibina, ka mayar da hankali. In ka faɗi ba ni da wani ɗalibin."

Sai dai ba shi kaɗai ke nema ba. Akwai Nafi'u, ɗan aminin Alhaji, ma'aikacin banki, wanda bai taɓa kuskure a kwala ba. Bayan kwalar kuwa Raliya ba ta ga komai a tattare da shi ba. Alhaji ya ce ba zai zaɓa mata miji ba, amma ba zai ba da ita ga wanda bai gamsu da shi ba. Ya ce malamin ya zo ranar Asabar.

Ja'afaru ya so ya sa kaftani kamar kowane mai zuwa gaban suruki. Ita ta hana.

"Ka sa shuɗiyar shat ɗin nan. Na san Baba. Kuma don Allah, MAƁALLAN KWALA."

Sau uku ta tura saƙon.

Ranar Asabar bayan la'asar tana leƙe ta tagar sama ya shigo daga get. Rigar ta sha wanki da guga, sai ƙyalli take. Kwalar kuwa a buɗe. Da ta kai musu lemo falo ta saci kallo, sai ta ga abin ya wuce mantuwa, maɓallan ma babu su, sai ɗan guntun zare a gurbinsu. Ta ajiye lemon ta fice.

Alhaji ya tambaye shi aiki da asali. Ya ce a Giginyu yake da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, mahaifinsa ya rasu. Sannan aka zo inda ake tsoro.

"Malam Ja'afaru, ina maɓallan kwalarka?"

"Sakacina ne, Alhaji."

"Shi ke nan bayanin?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Bayan ya tafi Alhaji ya ce da 'yarsa, "Yaro ne mai ladabi. Amma yau ce ranar da ya fi kowace kintsawa a rayuwarsa, kin kuwa ga yadda ya zo. Ban gamsu ba."

Raliya ta yi kuka, ta kuma yi fushi, fushin ma ya fi kukan yawa. Abu ɗaya tak ta roƙi Ja'afaru, bai yi ba. Saƙonninsa suka dinga shigowa tana karantawa tana ajiye wayar.

"Malamata, na yi laifi. Ki hukunta ni da komai ban da shiru."

Mako uku ba ta amsa ba. Nafi'u ya ƙara yawan zuwa gaishe da Alhaji.

A kwaleji ta haɗu da Fatsuma, ƙanwar Ja'afaru, wadda ba ta san an yi wata matsala a kan riga ba, kuma ba ta iya riƙe magana.

"Yaya duk ya rame. Inna ma ta damu, ita da ta wuni tana shirya masa riga ranar da ya zo gidanku. Ta hana shi kai wa mai wanki, wai da hannunta za ta yi. Garin wanki maɓallan hannu suka fita, ta rasa irinsu, sai ta ciro na ko-ta-kwana ta ɗinka masa."

"Wane na ko-ta-kwana?"

"'Yan biyun nan na wuya mana. Inna ta ce Turawa akwai dabara, har da na canji suke maƙala wa riga. Ta miƙa masa yana shirin fita, tana ta sa masa albarka. Ya tsaya yana kallon rigar, sai ya ce ta yi kyau, ya sa."

Raliya ta samu benci ta zauna. Kunya ta kama ta, ga wani irin son sa da bai taɓa zo mata da wannan ƙarfin ba. Nan take ta rubuta masa.

"Na ji komai daga Fatsuma. Yau zan gaya wa Baba."

Amsar ba ta ɗauki minti biyu ba.

"Don girman Allah kar ki faɗa. Inna Tani ba za ta zama abin labari a falonku na GRA saboda ni ba. Ta yi ne don ta fita kunyata. In wannan zai raba mu, na haƙura, duk da ban san yadda zan yi ba."

Kwana biyu tana juya maganar. In ta faɗa ta samu miji ta ci amanarsa. In ta yi shiru ta rasa shi. A rana ta uku ta samu mahaifinta a baranda yana karanta jarida, ta durƙusa.

"Baba, alfarma ɗaya. Ka sake kiran sa, ya zo da rigar nan. Wancan karon wuyansa kaɗai ka duba."

"Me kuma zan duba?"

"Ba ni da izinin faɗa. Amma kai ka koya mana kallon riga."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya ce to.

Ja'afaru ya zo kamar wanda za a yanke wa hukunci. Alhaji ya miƙa masa hannu, ya riƙe bai saki ba, ya juya bakin hannun rigar. Maɓallin da ke wurin ya yi wa hudarsa kaɗan, an ɗinka shi da farin zare mai kauri, an zagaya an sake zagayawa, ɗinkin mai lalube saboda ido ya yi rauni. Ya duba ɗaya hannun, shi ma haka. Ya saki.

"Mahaifiyarka tana lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Ka gaishe ta da kyau." Ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa. "Ka turo magabatanka."

Bayan sallah babba aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji, ango cikin babbar riga, don haka ba wanda ya samu abin dubawa. Da aka kai amarya Giginyu ta gaishe da uwar miji, Inna Tani ta kamo hannunta ta zaunar da ita kusa da ita a kan tabarma.

"'Yata, ga shi nan na ba ki. Ba shi da fitina, sai dai cin maɓalli. Bari in koya miki wata dabara. Rigunan nan nasa na Turawa, ki duba wajen wuya, akwai guda biyu na ajiya. In na hannu ya fita, kar ki wahalar da kanki zuwa kasuwa."

Ja'afaru yana tsaye bakin ƙofa, ya ɗago da sauri ya dubi amaryarsa. Raliya ba ta ko kalle shi ba.

"To Inna, na gode. Da ban sani ba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu rufa muku asiri."

"Amin, Inna," in ji su tare.