Abin da Malam Modu Ya Gani a Ɗakin Bincike

Motar hayar ta mutu daidai Ƙofar Na'isa. Turai ta fito tana duba agogo, hannunta ɗaya a cikin hijabi ya danne wani abu a ƙirji. Wani saurayi ya taka birkin Vespa a gabanta.

"Malama, lafiya? Ciwo ne?"

"Saura minti ashirin aikina ya lalace. Don Allah kai ni jami'a."

Haka ta haɗu da Ari, ɗan Malam Modu na Dala, saurayi mai shagon turare a Kasuwar Kurmi. Sai da suka yi wata biyu kafin ta gaya masa abin da ta ɓoye ranar. Kwalbar maniyyi ce daga asibiti, na mazan da ke neman haihuwa, kuma dole ta ji ɗumin jiki har ta isa ɗakin bincike cikin awa guda. A kansa take digirinta na biyu.

Ari ya kwashe da dariya. "Ni mai turare, ashe abin da na goyo ke nan."

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa gari ba, saƙonni suka yi ta kaiwa da komowa.

"Likitata, yau 'yan wutsiyoyin naki sun yi iyo? Ni tun safe zuciyata take iyo zuwa gidanku."

"Ɗan Barno, je ka sayar da turarenka. Amma sau uku na karanta."

Ana shirin kai goro sai Gwadabe, ma'aikacin lab, wato ɗakin binciken, wanda Turai ta taɓa ƙin aurensa, ya kai labarin aikinta zauren Malam Modu. Malam ya kira ɗansa.

"A mazhabarmu najasa ce. Wadda ke yawo da najasar mazan da ba ta sani ba a jikinta, ba ta shigowa gidan da ake rubuta Alƙur'ani."

Ari ya tura mata: "Baba ya ce a dakata. Ko za ki bar aikin, Turai tawa?"

Ta amsa: "Ina sonka, amma ba zan bari ba. Malam ya zo ya gani da idonsa, hukuncin da ya yanke na karɓa."

Kwana tara ba amsa. Ran na goma sai ga dattijon da sandarsa a ƙofar lab, Ari na biye. Turai ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa safar hannu, ta ɗora gilashi mai ɗigon maniyyi a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu.

"Baba, duba. Ƙwayoyin maniyyin ke nan, masu wutsiya. A hankali suke tafiya, ko?"

"Na gan su. Duk waɗannan a ɗigo guda?"

"A ɗigo guda. Yanzu kar ka ɗauke ido."

Ta ɗiga wani ruwa. Malam ya ƙanƙame sandarsa. "Sun zabura. Me kika yi musu?"

"Sinadari ne, progesterone, wanda ke fitowa daga kewayen ƙwan mace. A sauran jiki sai ya shiga can cikin ƙwayar halitta, a jira awanni kafin a ga aikinsa. Nan kuwa fatar ƙwayar kawai yake taɓawa, ƙofofi su buɗe, sinadarin calcium ya kwarara ciki, wutsiya ta ƙara ƙarfin bugu. Cikin daƙiƙoƙi."

"Idan ba su zabura ba fa?"

"Da wuya su huda ƙwan. Akwai mazan da nasu ba sa amsawa, Baba, kuma matansu ake ta yi wa magani shekara da shekaru. Irin waɗannan mazan nake nema."

"Sake ɗigawa," in ji Malam. Sau uku ta sake masa. Ya tambayi yadda kwalbar ke rufe, ya tambayi inda take salla da rigar da take canjawa. Ta nuna masa duka.

Ya juya wajen Ari. "Kai ka san wannan ilimin take da shi, ka ce ta bari?"

Ari ya sunkuyar da kai. Turai ta danne murmushi.

Malam da kansa ya ja tawagar neman aure zuwa gidan Alhaji Ɗantani, mahaifinta. Ranar ɗaurin aure, bayan Fatiha, ya dubi malaman da ke gefensa.

"Shekara arba'in ina karantar da yadda aka halicci ɗan Adam. Surukata ce ta nuna min da ido. Allah ya yi musu albarka, ya sa a samu haihuwa a gidajen mutane ta hannunta."

Zauren ya ɗauka da amin.