Alli a Kan Tanki

Akwai wani yaro da ba ya ganin kowane babur da gashi sai irin na babansa.

Wata rana baban abokinsa ya ajiye tsohon koren babur a ƙofar makaranta, ya shiga ganin hedimasta. Yaron ya zaro alli, ya rubuta "Tarkace" a kan tankin. Yara suka kwashe da dariya. Abokin ya goge rubutun da hannun rigarsa yana hawaye. Daga ranar ya daina yi masa magana.

Labari ya kai kunnen kakan yaron, tsohon malamin makaranta. Ya kira yaron, ya cire tabarau ya ajiye.

"Shekara talatin ina riƙe alli, ban taɓa wulaƙanta kowa da shi ba! Babura iri nawa ka sani?"

"Namu kawai, Kaka."

"To da wane ilimi ka yanke hukunci? Sa takalminka."

Suka je wurin bakanike. Babura jere a rumfa, kowanne da kamfaninsa.

"Malam ƙarami, matso," in ji bakanike. "Wannan baƙin, buhu uku yake ɗauka ko nishi ba ya yi. Wannan shuɗin kuwa, mai sai dai ya sansana."

Can gefe sai ga koren babur na baban abokinsa, an kawo shi canjin baƙin mai.

"Wannan fa?" yaron ya tambaya a hankali.

"Ai ya girme ka!" Bakanike ya taka shi sau ɗaya. Injin ya tashi sumul, da murya mai daɗi. Yaron ya saki baki.

Kaka ya ce, "Ba da haƙuri da baki bai isa ba. Inda ka yi ɓarna, nan za ka gyara."

Washegari da baban abokin ya kawo ɗansa makaranta, yaron ya zo da bokiti da soso. A gaban yara ya wanke koren babur har yana ƙyalli.

"Baba, ka yafe mini," ya ce.

Mai babur ya yi dariya. "Na yafe. Ku hau in zaga da ku."

Abokin ya matsa masa wuri. Iska tana kaɗa rigunansu, suna ihun murna.

Da ya dawo gida ya ce, "Kaka, ashe kowane babur da kyansa."

"Yanzu ka ci jarrabawa," in ji Kaka. "Ka so naku, amma kada ka raina na wani."