Agogon Gonar Shayi

A tashar motar Kubwa Tawfiq ya fara ganin Nazeefa, kuma da tambayar banza ya tare ta: ƙarfe nawa? Ga agogo ɗaure a hannunsa. Ta dubi agogon, ta dube shi, ta amsa masa da wani yare da bai taɓa ji ba don ya rabu da ita. Bai rabu ba, sai ma ya biyo ta cikin bas.

Yaren Assam ne, can ƙasar Indiya, inda marigayi mahaifinta ya fito. Mahaifiyarta, Hajiya Batulu, Bakanuwa ce.

Soyayya ta kama, haushi ma ya kama, don Tawfiq bai san lokaci ba. In ya ce bayan la'asar, to a saurare shi bayan isha'i da uzurin gosulo a bakinsa.

Da maganar aure ta taso, Hajiya ta ce waliyyi shi ne Baffa Mojibur, yayan mahaifin Nazeefa, tsohon ma'aikacin gonar shayi a Assam. Shi kuwa yana da nasa ɗan takarar, wani malamin makaranta. Da kyar ya yarda da sharaɗi guda: yaron ya kira shi a waya ran Asabar, ƙarfe huɗu daidai a agogon can, kuma ya faɗa masa lokacin da yarensu. In ya makara, an gama.

Nan Nazeefa ta ga ta kanta. Kullum da yamma a tsakar gida tana juya masa hannun agogon bango tana tambaya, "Keita bajise?" wato ƙarfe nawa. Shi kuma ya zuba mata ido yana murmushi kamar wanda aka ba kyauta.

"Sanyin idona, muryarki ce ke ɗauke min hankali."

"Tawfiq, wallahi in ka sake kuskure da agogon nan zan buge ka."

A hankali dai ya iya. Ya lissafa tazarar Abuja da Indiya, ya ga ƙarfe huɗunsu sha ɗaya da rabi ce a nan. Ran Asabar ya kira a kan daƙiƙa. Ba a ɗauka ba. Can Baffa ya aiko cewa yaron ya makara da awa guda cur, malamin makaranta ya fi shi.

Nazeefa ta yi kuka, ta tura masa saƙo: "Rana ɗaya tak na roƙe ka. Kada ka ƙara kirana."

Ya mayar: "Rabin raina, na rantse ban makara ba. Yau ne kaɗai a rayuwata."

Wa zai yarda da shi? Ni kaina mai ba ku labarin ban yarda ba.

Hajiya ce ta sa ya nuna mata wayarsa. Ta duba, ta ga sha ɗaya da rabi daidai ya kira, sai ta dafe kai tana salati. Ta tuna mutanen gonar shayi ba sa bin agogon Indiya. Nasu gaba yake da awa ɗaya, don a fita tsinkar ganye da wuri. Baffa ya bar aiki tuntuni, amma bai taɓa mayar da agogonsa baya ba. Ta kira shi da kanta, ta yi ta ban baki har ya ba da dama ta ƙarshe.

Wannan karon Tawfiq ya kira goma da rabi, Nazeefa na gefensa. Tsohon ya ɗauka ba sallama ba gaisuwa.

"Keita bajise?"

"Sari boja," in ji Tawfiq. Ƙarfe huɗu.

Sai Baffa ya yi dariya, ya ce wani abu mai tsawo. Nazeefa ta fassara da hawaye: ya ba shi aurenta.

Aka sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya a masallacin unguwarsu. Liman ya iso da mabuɗi ya tarar da ango zaune a bakin ƙofa cikin farar babbar riga, shi kaɗai, tun ƙarfe goma. Ya ce agogon surukansa yake bi.

Da labari ya kai wa amarya ta yi tsaki, ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, wadda ta gaji uwar wajen cika alkawari.