Wuyan Tulun Kufan Maiturare

Da sunan Allah, Mai raya garuruwa, Mai gādonsu bayan mazaunansu sun shuɗe.

A bazarar shekarar alif ɗari tara da tamanin da biyu Surajo ya fara ganin Saude, tana tsaye a kan karyayyar ganuwar Kufan Maiturare, can tsakanin Bukkuyum da Adabka. Ƙwaryar nono na kanta, leɓunanta na motsi, idanunta na kallon wani wuri a cikin kufan. Shi mutumin Gummi ne, ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin adana kayan tarihi da ke Sakkwato, an aiko shi ya auna ganuwar, ya tattaro abin da mutanen dā suka bari.

Kufan ba wurin da zuciya ke sakewa ba ne. Rijiyoyinsa sun ƙafe, marinarsa ta cike da ƙasa, tsingaron tukwane ya rufe ko'ina kamar an shanya shi. Idan iska ta ratsa kukokin wurin, sai mutum ya ji tamkar wasu na hira nesa, su yi shiru da zarar ya waiwaya.

Ya ɗaga murya ya yi mata sallama. Ta amsa ƙasa-ƙasa, sannan ta ce, "Malam mai jaka, ba a ɗaga murya a wanga wuri."

"Ki gafarce ni. Kwana uku ke nan ban ga ɗan Adam ba, sai kurciya."

"To ga nono, ko shi ma auna shi za ka yi da igiyarka?"

Ya yi dariya, ya sha, ya kuma sha washegari. Makonni uku tana biyowa ta nan a hanyarta ta kasuwa. Ya san ita ɗiyar Modibbo Yusufu ce, malamin rugar da ke gabas da kufan, kuma shi ya koya mata karatu da rubutun ajami. Kullum sai ta hau wancan wuri na ganuwar, ta yi ɗan jim, ta sauko. Sau ɗaya ya tambaye ta abin da take dubawa. Ta sunkuyar da kai ta gyara gammonta, domin a gidansu ba a saba ambaton wanda ya rasu a gaban baƙo ba. Shi kuwa ya ɗauka kunyar budurci ce, bai sake tambaya ba.

Ranar da zai koma, ya cika jakarsa da tsingaro. A gindin wata tsamiya ya ga wuyan tulu kafe a ƙasa, da zanen yatsa layi uku kewaye da shi. Ya tone shi yana murna, ya rubuta a littafinsa cewa aikin mutanen kufan ne. A Sakkwato shugabansa ya yaba, aka sa wa wuyan tulun lamba da farin fenti, aka kuma sa sunan Surajo cikin waɗanda za a aika Zariya ƙaro ilimi.

Ya rubuta mata takarda, ta hannun goggonta Ladi mai sayar da man shanu a kasuwar Bukkuyum:

"Zuwa ga sanyin idona, 'yar Modibbo. Bayan sallama, ina sanar da ke na dawo da jikina lafiya, amma hankalina yana nan kan ganuwa inda kike tsayawa. Nonon birni ruwa ne. Idan kin yarda, baffana zai zo ya gai da Modibbo bayan saukar ruwan farko. Naki, mai jaka."

Amsar ta iso bayan kwana goma sha biyu:

"Malam Surajo, aminci ya tabbata gare ka. Shekarar fari Innata ta rasu muna kan hanya da shanu, aka rufe ta a gindin tsamiyar kufan. Baffana Modibbo ya kafa wuyan tulunta a wajen kanta. Mace ba ta shiga wurin, shi ya sa nake hangensa daga ganuwa ina yi mata addu'a, shekara tara ke nan. Yanzu babu shi. Saminu ɗan kawuna ya ce ya gan ka kana tonawa. Ban ƙaryata shi ba, ban gaskata ba, sai na ji daga gare ka. Saude."

Surajo ya karanta, ya ninke takardar, bai rubuta mata amsa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da ya wuce ta gaban akwatin gilashin da aka ajiye wuyan tulun, sai ya ji kamar wata na tsaye bayansa, ba ta tuhumarsa, tana jira ne kawai. Ya daina iya cin abinci a ofishin.

Duk da haka baffansa ya tafi rugar kamar yadda aka alkawarta. Modibbo ya shimfiɗa masa buzu, ya ba shi fura, ya saurare shi har ƙarshe. Saminu na zaune gefe, shi ma ya daɗe yana biɗar Saude. Sannan dattijon ya ce, "Ba ni da gaba da ɗanku. Amma ba ni ba da ɗiyata ga hannun da ya ɗauke alamar uwarta. Ku tahi lahiya."

Da labarin ya iso, Surajo ya shiga wurin shugabansa ya faɗi gaskiya: tulun bai wuce shekara goma sha biyar ba, kuma daga kan kabari ya cire shi.

Shugaban ya cire tabarau. "Ka san abin da kake faɗa? Rahotonka ya riga ya tafi sama. Idan na janye shi, sunanka ya fita daga tafiyar Zariya. Ka yi shiru mana, wa zai sani?"

"Ranka ya daɗe, akwai wadda ta sani, akwai kuma Wanda ya fi ta sani."

Aka soke sunansa. Aka ba shi wuyan tulun, ya zauna ya kankare lambar da farcensa, ya naɗe shi cikin sabon farin ƙyalle, ya hau mota.

Ya isa rugar bayan la'asar, damina ta riga ta kankama. Ya durƙusa gaban Modibbo ya buɗe ƙyallen. Dattijon ya shafa zanen da yatsunsa, domin ganinsa ya yi rauni, sannan ya ce:

"Ka kawo shi. To, ina za ka mai da shi?"

Sai a nan Surajo ya gane girman abin da ya aikata. A littafinsa bai rubuta komai game da wurin ba sai "gindin tsamiya." Da suka isa kufan, shi da Modibbo da Saminu, suka tarar ciyawa ta kai gwiwa, ruwa ya shafe ramin da ya tona, ƙasar ta zama bai ɗaya. Kaburburan mutanen dā kuwa suna nan birjik ƙarƙashinta, ba wanda ya san iyakarsu.

Modibbo ya tsaya yana dogara sanda. Ya ce, "Da gaggawa na rufe ta, shanu na mutuwa a bayana. Tun ranar ban iya sake shigowa ba. Ban san wurin ba, Surajo. Ni mijinta ban sani ba."

Kukokin suka ɗauki hirarsu ta nesa.

Daga kan ganuwa wata murya ta ce, "Baffa, ni na sani."

Saude ce, ta biyo su da Goggo Ladi, ta hau inda ta saba tsayawa. Modibbo ya ɗaga kai wajen muryar, ya ce, "Hwaɗa mishi."

Surajo ya tuɓe takalmansa, ya rungumi wuyan tulun da hannu biyu.

"Ka yi gaba, malam mai jaka. A hankali, kada ka taka ta hagunka, akwai mutane nan. Ka bi saiwar da ta fito. Ƙara taki biyu. A'a, ka wuce, dawo kaɗan. Sai inda kanka ya rufe mini kogon tsamiyar."

Yana tafiya tana gyara shi, hawaye na zuba masa, bai da hannun sharewa.

"Nan," in ji ta. "Nan Innata take."

Saminu ya matso, ya duba saiwar, ya duba reshen da ke samansu. Yana saurayi ƙarami aka yi jana'izar, shi ya riƙa miƙa itacen rufe kabarin. Da ya so, da ya yi shiru, ko ya ce ba nan ba ne. Amma ya ce, "Gaskiya ta hwaɗi. Nan ne." Ya miƙa wa Surajo fartanyarsa.

Aka kafa wuyan tulun. Modibbo ya durƙusa, ya ɗora tafinsa kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya yi wa matarsa addu'a, ya haɗa da dukan mazauna kufan waɗanda ba wanda ya rage da ya san sunansu. Da ya shafa, ya kamo hannun Surajo don ya miƙe, bai sake shi ba.

"Ita ba ta buƙatar alama, Ubangijinta ya san makwancinta. Mu ne masu buƙata. Ka ɗauke, ka maido, ka kuma shigo da ni inda na kasa shigowa shekara tara. Mi ka rasa a kan wanga?"

"Karatun Zariya, Modibbo."

"To. Ka ce ma baffanka shi komo."

A hanyar komawa Goggo Ladi ta ja baya da gangan. Surajo ya ce, "Sanyin idona, kin yafe mini?"

"Tun da na ga ka tuɓe takalmi," in ji Saude. "Amma daga yau, kome ka gani a ƙasa, ko tsinke ne, ka tambaye ni tukuna."

"Ko tsinke ne."

"Kuma ka daina kuka, Goggo na kallonka."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a rugar Modibbo, ranar Juma'a da hantsi. Mutanen Gummi suka zo da shinkafa da busasshen kifi, mutanen ruga suka yanka bijimi, Saminu ne ya raba goro. Modibbo ya sa hannun ɗiyarsa cikin na Goggo Ladi don a kai ta, ya ce, "Allah shi sa ki zama sanyi a gidan da za ki, shi ba ku 'ya'yan da za su tuna ku da addu'a." Jama'a suka amsa da amin, amarya na kuka cikin mayafi, ango na murmushi kansa a sunkuye.

Allah ya albarkaci zamansu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na kusa da na kufai, ya sa mu cika da imani.